Tarihin Kartar Tarot: Daga Teburin Wasa Zuwa Allon Fim

Tarot karta ce mai kati 78 da aka ƙirƙira a arewacin Italiya a farkon rabin ƙarni na 15. A yau an fi sanin ta a hannun masu duba na Turai da Amurka, ko a fina-finai, inda akan nuna mace a ɗaki mai duhu tana jera katuna a tebur har ta buɗe mai hoton ƙwarangwal. Sai dai ta yi shekara fiye da 300 ana wasa da ita kamar kowace karta kafin a sami wanda ya ce akwai asiri a cikinta. Ma'anonin da ake karantawa yanzu a littattafai an san waɗanda suka sa su, an san garuruwansu da shekarun da suka yi aikin, kuma a wurare da dama maganarsu ba ta zo ɗaya ba.

Katunan kashi biyu ne. Guda 56 sun rabu gida huɗu: kofuna, takubba, sanduna da sulalla. Kowane gida yana da ɗaya zuwa goma, sannan sarki, sarauniya, barde da bafade. Sauran 22 su ne suka bambanta tarot da sauran karta. Guda 21 suna da lamba da hoto, irin su Fafaroma, Masoya, Adalci, Mutuwa, Shaiɗan, Hasumiya, Wata, Rana da Duniya, ɗaya kuma, wato Wawa, ba shi da lamba a tsofaffin saiti. Waɗannan su ne manyan katuna, kuma kusan duk rigimar ma'ana a kansu take.

Gidajen nan huɗu sun girmi tarot. Karta ta shiga Turai a wajajen 1370 daga ƙasashen Musulmi, musamman Masar ta zamanin daular Mamalik, wadda ta yi mulki daga 1250 zuwa 1517. A gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul akwai saitin kartar Mamalik da masanin tarihi L. A. Mayer ya yi bayaninsa a 1939. Gidajensa kofuna ne da takubba da dinare da sandunan wasan folo, kuma ba a zana mutum a katunan sarauta ba, ado ne kawai da rubutun Larabci mai faɗin muƙamin kowane kati. Turawan lokacin ba su san folo ba, sai suka mai da sandarsa sandar hannu ko kulki, suka kuma zana sarakuna da fuskokinsu. A 1377 hukumar birnin Fulorans ta fitar da dokar hana wannan sabon wasa, abin da ke nuna cewa cikin 'yan shekaru ya riga ya kama gari.

Ƙarin katuna 22 ya zo bayan kusan shekara 60. Rubutu mafi tsufa da aka sani ya ambace su shi ne kundin wani magatakarda mai suna Giusto Giusti, wanda ya rubuta a 1440 cewa ya sa an yi saiti a Fulorans ya ba Sigismondo Malatesta, mai mulkin Rimini. A 1442 littafin kuɗi na fadar Ferara ya nuna an biya mai zane ladan irin wannan karta. Sunanta a lokacin trionfi, sunan jerin gwanon nasara da biranen Italiya ke yi, inda kekunan doki ke wucewa ɗaya bayan ɗaya ɗauke da mutanen da suka yi shigar Soyayya ko Mutuwa ko Zamani, kowanne ya rinjayi wanda ya gabace shi. Sunan tarocchi, wanda Faransawa suka mai da tarot, bai bayyana a rubuce ba sai farkon ƙarni na 16.

Mafi shaharar tsofaffin katunan su ne waɗanda aka yi wa gidajen Visconti da Sforza masu mulkin Milan a tsakiyar ƙarni na 15. Da hannu aka zana su a kan kwali mai kauri, tsawon kowanne kimanin santimita 17, an lulluɓe bayan hoton da ganyen zinariya an yi masa ado da ɗan bugu. Ana danganta yawancin aikin ga mai zane Bonifacio Bembo. Saitin da ya fi cika ya rage kati 74: guda 35 suna ɗakin karatu na Morgan a New York, 26 a Accademia Carrara da ke Bergamo, 13 a hannun zuriyar Colleoni. Cikin huɗun da suka ɓace har da Shaiɗan da Hasumiya, don haka duk wanda ya sayi kwafin wannan saiti a yau, hotunan nan biyu aikin mai zanen zamani ne.

Wasan da ake yi da ita na cin zagaye ne. Wanda ya fara ya sa kati, sauran su bi da gidan da ya sa, wanda ba shi da gidan ya sa babban kati ya cinye. Amfanin manyan katuna ke nan: kowannensu ya fi sarkin kowane gida ƙarfi, kuma a tsakaninsu na sama yana cin na ƙasa. Tun da katunan farko ba su da lamba, dole ɗan wasa ya haddace jerin, kuma jerin ya bambanta tsakanin Milan da Ferara da Bolonya. Wani mai wa'azin coci na ƙarshen ƙarnin ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya a huɗubar da ya yi yana tsine wa caca. Ya kira su aikin Shaiɗan, amma bai ce ana duba da su ba, alhali da ana yi da shi ne zai fara faɗa.

Hotunan ba baƙi ba ne ga mutumin Italiya na wancan zamani, yana ganin irinsu a bangon coci da fada da kasuwa. Kati na 12, wato Ratayayye, ya isa misali. Mutum ne an rataye shi da ƙafa ɗaya, kai a ƙasa. Littattafan duba na yanzu suna cewa alamar sadaukarwa ce, ko haƙuri, ko kallon al'amari ta wata fuska. A Italiya ta ƙarni na 15 kuwa wannan hoton tozarci ne da hukuma ke sa a zana a bangon gari idan wani ya ci amana ya gudu ba a kama shi ba. A 1440 an sa Andrea del Castagno ya zana 'yan tawayen Fulorans a haka a bangon gidan hukuma, har aka yi masa laƙabi da aikin. Shi kansa Muzio Attendolo, mahaifin Francesco Sforza mai mulkin Milan, an taɓa zana shi a rataye a ƙofofin Roma bayan ya sauya sheƙa a yaƙi. A wasu tsofaffin jeri sunan katin ma Maci Amana ne, wani lokaci da jakar kuɗi a hannunsa.

Haka abin yake ga sauran. Tsohon da ake kira Mai Halwa yanzu, mai riƙe da fitila, a saitin Milan agogon rairayi ne a hannunsa, domin shi ne Zamani mai cinye kowa. Kati na ɗaya, wanda daga baya ya zama babban matsafi, ɗan rufa-ido ne na bakin kasuwa da ƙananan kofuna a tebur, kuma shi ne mafi rauni a manyan katuna. Adalci da Ƙarfin Zuciya da Tsakaitawa kyawawan halaye ne da kowane ɗalibin lokacin ya karanta. Fafaroma Mace ita ce mai ɗan duhu. Wasu na ganin almarar macen da aka ce ta taɓa hawa kujerar Fafaroma ce, Gertrude Moakley kuma, ma'aikaciyar ɗakin karatu a New York, ta kawo ra'ayi a 1966 cewa wata 'yar uwar gidan Visconti ce mai suna Maifreda, wadda aka ƙone a 1300 bisa zargin bidi'a. Mutuwa dai mutuwa ce, ƙwarangwal da lauje ko baka, kuma mutanen da kakanninsu suka ga annobar 1348 ba sa bukatar a fassara musu ita.

Daga Milan wasan ya haura Faransa da Suwizalan a zamanin yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 16. A can ya fita daga fada ya shiga hannun masu buga karta da allon katako, suna shafa launi uku ko huɗu ta cikin kwali mai huji. Jean Noblet ya buga nasa a Faris wajen 1650, Jean Dodal a Liyon a farkon ƙarni na 18, Nicolas Conver a Marsey a 1760. Wannan salo ne ake kira tarot na Marsey. Kowane mai sassaƙa yana kwafar allon wanda ya gabace shi, kuskure na shiga, agogon rairayi ya koma fitila, abin da ba a gane ba a zana shi yadda aka ga dama. Da yawa daga ƙananan alamun da masu duba suka zo suna tsefewa daga baya irin wannan hanya suka biyo. Siyasa ma ta taɓa katunan. A wasu yankuna an cire Fafaroma da Fafaroma Mace an sa gumakan Romawa, a Bolonya kuma a 1725 hukumar coci ta sa an maye gurbin katuna huɗu da hotunan sarakunan Larabawan Magrib.

A Bolonya ɗin aka sami wata takarda ta kafin 1750 mai ɗauke da gajerun ma'anonin duba na kati 35. Ita ce shaida mafi tsufa, amma al'adar gari ɗaya ce, ba ta yaɗu ba.

Abin da ya yaɗu ya fito ne daga Faris a 1781. Antoine Court de Gébelin faston Furotesta ne mai yawan karatu, yana rubuta wani ƙaton littafi, Le Monde primitif, da nufin nuna cewa dukan harsuna da al'adu sun gangaro daga wata tsohuwar wayewa guda. A juzu'i na 8 ya ba da labarin yadda ya ziyarci wata mata ya tarar ana wasan tarot, wasan da mutanen Faris suka riga suka manta. Ya ce yana duban katunan ya gane na Masar ne, cikin kwata na awa ya fassara su duka: littafin wani abin bautarsu mai suna Thoth ne da malaman tsafin Fir'auna suka ɓoye a cikin wasa don kada ya salwanta. Bai kawo hujja ko ɗaya ba. A lokacin babu mai iya karanta rubutun tsohuwar Masar, sai 1822 wani masani mai suna Champollion ya warware shi, kuma ba a taɓa samun wani abu mai kama da tarot a ciki ba. Inda hoto ya ƙi bin ra'ayinsa, sai Gébelin ya ce masu buga karta ne suka ɓata shi. Ratayayye ma juya shi ya yi ya tsai da shi a kan ƙafa ɗaya, ya ce ai Tsantseni ne. A cikin juzu'in akwai maƙalar wani basarake, Comte de Mellet, wanda ya lura cewa manyan katuna 22 ne, haruffan Ibrananci ma 22, ya haɗa su. Daidaituwar lamba ce kawai, amma a kanta aka yi gini na shekara 200.

Wanda ya mai da abin sana'a shi ne Jean-Baptiste Alliette, ɗan kasuwar iri da hatsi, daga baya mai sayar da hotuna, wanda ya juya sunansa ya zama Etteilla. Tun 1770 ya fitar da littafin duba da karta ta yau da kullum mai kati 32. Da littafin Gébelin ya fito sai ya koma kan tarot, ya ƙara wa labarin gishiri, ya ce masana 17 ne suka rubuta littafin shekara 171 bayan ruwan Ɗufana. Wajen 1789 ya buga saiti na farko da aka yi musamman don duba, kowane kati da kalmarsa a rubuce, wata a sama wata a ƙasa, ta yadda in ya fito a kife ma'anarsa ta sauya. Masana tsafi na bayansa sun raina shi, suna ce masa wanzami jahili, amma yawancin ma'anonin ƙananan katuna da ake bugawa har yau daga jerinsa da na almajiransa aka ɗebo su. Ya mutu a 1791, juyin juya halin Faransa na tsakiyar ci, lokacin da kasuwar masu duba ta buɗe sosai.

Ƙarni na 19 na masu nazarin asirai ne. Alphonse-Louis Constant, wanda ya yi karatun limancin Katolika ya bari, ya ɗauki sunan Éliphas Lévi, ya fitar da littafinsa na sihiri a juzu'i biyu tsakanin 1854 da 1856, inda ya ɗaure tarot da ilimin asirin Yahudawa na Kabala. Wani marubuci ya ce Romani, al'ummar Turai masu yawo gari gari, su suka kawo katunan daga Masar, alhali asalinsu Indiya ne kuma an fi sanin su da duban tafin hannu. Likita Gérard Encausse, mai laƙabin Papus, ya yaɗa wannan zance a littafinsa na 1889. Hoton mace mai ɗankwali da manyan 'yan kunne tana jera tarot a cikin tanti, wanda fina-finai suka maimaita har ya gundura, daga nan ya samo tushe.

A Landan aka kafa ƙungiyar asiri ta Golden Dawn a 1888, cikin mambobinta har da mawaƙin Ailan W. B. Yeats. Su ma sun haɗa katuna da haruffa da taurari, amma da nasu lissafi. Lévi ya ba kati na ɗaya harafin farko, su kuwa suka ba Wawa, don haka kusan kowane kati ya gusa da harafi ɗaya. Da burujai suka ƙi daidaita, sai suka musanya gurbin Ƙarfi da Adalci. Shi ya sa har gobe Adalci ne na 8 a saitin Faransa, a na Ingila kuma na 11.

Daga wannan ƙungiya saitin da ya mamaye duniya ya fito. Arthur Edward Waite ne ya tsara shi, Pamela Colman Smith ta zana, kamfanin William Rider ya buga a Disamba 1909. Tarihin Smith ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya bayyana dalilin da ya sa katunan nan suka dace da kyamara. An haife ta a Landan a 1878, iyayenta Amurkawa, ta yi ƙuruciya a Jamaika, ta yi karatun zane a Pratt da ke Brooklyn, sannan ta bi tawagar gidan wasan kwaikwayo na Lyceum, wurin Ellen Terry da Henry Irving, tana zanen sutura da dandali. Kafin ita, a yawancin saiti ƙananan katuna lissafi ne kawai: takobi biyar, kofi bakwai. Ita ta mai da kowannensu fitowa ta wasan kwaikwayo. Sulalla biyar ya zama mabarata biyu cikin ƙanƙara, ɗaya da sandunan guragu, suna wuce tagar coci mai haske. Takubba shida ya zama mai fito yana tuƙa kwalekwale, mace a lulluɓe da yaro sun juya wa mai kallo baya. Takubba tara mutum ne ya farka a gado cikin dare ya rufe fuska da hannu. Wasu hotunan, kamar zuciyar da takubba uku suka soke, ta aro su daga saitin Sola Busca na Italiya na wajen 1491, wanda aka kai hotunansa gidan tarihin Birtaniya a 1907. Cikin 'yan watanni ta gama kati 78 a kan lada kaɗan, ba ta da kaso a ciniki, an kuma yi shekaru ana kiran saitin da sunan Rider da Waite ba tare da nata ba. Ta mutu a Bude da ke Cornwall a 1951 da bashi a kanta.

Littafin da Waite ya rubuta don rakiyar katunan bai ɓoye ruɗanin ba. A kan sulalla biyar ya faɗi cewa hoton talauci yake nunawa, wasu masu duba kuma suna cewa katin masoya ne, ya kuma amsa cewa ba a iya sasanta maganganun biyu. Masu amfani da saitin sun warware matsalar da kansu, suka bar littafi suka bi hoto. Ma'anar da akasarin mutane ke ba ƙananan katuna a yau, in aka bi diddigi, abin da Smith ta zana ne.

Sauran tafiyar Amurka ce. Eden Gray ta rubuta littattafai masu sauƙi daga 1960, kuma a na 1970 ta yaɗa ra'ayin cewa manyan katuna labari ɗaya ne, tafiyar Wawa daga rashin sani zuwa kammala. Stuart Kaplan ya kafa kamfanin U.S. Games Systems a 1968, ya fara buga saitin Waite da Smith a 1971, ya shigar da shi kantunan littattafai. Mabiya masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung suka ƙara nasu, suka ce katunan madubin zuciya ne, ba labarin gobe suke bayarwa ba. A wannan zamani ne fassarar Mutuwa da sauyi ko sabon farawa ta zama abin da kowane ɗan littafi ke faɗa. Sai a 1980 Michael Dummett, malamin falsafa a Oxford, ya fitar da The Game of Tarot, ya bi takardu ƙasa ƙasa ya rushe labarin Masar da na Kabala da na Romani. Littafin bai rage cinikin masu duba ba, amma tun daga lokacin babu masanin tarihi da ke ɗaukar waɗancan labarai da gaske. Wasan kansa bai mutu ba. Faransa na da hukumar wasan tarot ta ƙasa tun 1973, ana gasa, ana kuma buga ire-irensa a Ostiriya da Hangari da Sulobeniya da Sisili.

Ta fuskar addini, duba da karta hukuncinsa ɗaya da bugun ƙasa da sauran neman sanin gaibu, malaman Musulunci sun haɗu a kan haramcinsa. Littafin koyarwar cocin Katolika na 1992 shi ma ya yi watsi da kowane irin duba.

Marubuta sun riga masu fim gane amfanin katunan. T. S. Eliot ya sa mai duba a waƙarsa The Waste Land ta 1922, ya ƙirƙiri katunan da babu su, ya kuma amsa a bayanansa cewa bai san saitin sosai ba. William Lindsay Gresham ya raba littafinsa Nightmare Alley na 1946 babi 22, kowanne da babban katinsa. Italo Calvino ya tara matafiya da suka rasa bakin magana a wani gidan sarauta, kowa na ba da labarinsa ta hanyar jera katunan Visconti, littafin ya fito cikakke a 1973.

A fim, hanya mafi sauƙi ita ce a sa kati ya yi gargaɗi. A Nightmare Alley na 1947, inda Tyrone Power ya fito a matsayin ɗan damfara mai da'awar sanin gaibu, Ratayayye ne ke bin sa har ya faɗi, kuma a nan katin ya fi kusa da tsohuwar ma'anarsa ta maci amana. Guillermo del Toro ya sake yin fim ɗin a 2021. A Dr. Terror's House of Horrors na 1965, Peter Cushing ya yi wa mutum biyar duba a cikin jirgin ƙasa, kowanne katinsa na ƙarshe Mutuwa, kuma mutuwar ce. Fim ɗin James Bond na 1973, Live and Let Die, ya sa aka zana sabon saiti, aikin Fergus Hall, ya kuma cakuɗa tarot da tsafin tsibiran Karibiyan, haɗin da ba shi da tushe a tarihi. Fitowar da aka fi tunawa a ciki ita ce inda Bond ya yaudari mai duba Solitaire da saitin da duk katunansa Masoya ne. Terrence Malick kuma a Knight of Cups na 2015 sunayen katuna ya yi wa sassan fim ɗinsa take da su.

Wadda ta fi kowa iya sarrafa abin ita ce Agnès Varda a Cléo de 5 à 7 na 1962. Fim ɗin baƙi da fari ne, amma mintocin farko kyamara na sama tana kallon tebur, hannuwa biyu da katuna, su kaɗai ne masu launi. Da an yanka zuwa fuskokin matan sai launi ya ɗauke. An jera kati tara, uku na jiya, uku na yau, uku na gobe, kuma ta bakin mai duba mai kallo ya san wace ce Cléo, mawaƙiya mai jiran sakamakon gwajin asibiti, ya kuma ji labarin mutanen da zai haɗu da su a fim ɗin. Da Mutuwa ta fito, mai duba ta lallashe ta da cewa sauyi take nufi. Cléo na fita, matar ta buɗe ƙofa ta gaya wa wani mutum a ɗaya ɗakin cewa ciwon daji ta gani, yarinyar ba za ta tsira ba. Varda ta riƙe ma'anonin biyu, tsohuwa da sabuwa, ta bar mai kallo da su har ƙarshe, inda likita ya ce watanni biyu na magani za a yi. Cikin 'yan mintoci, da tebur ɗaya da ɗaki ɗaya, ta gama gabatar da labari ba tare da wani ya tsaya yana bayani ba. Dalilin da ya sa ɗaliban fim masu ƙaramin kasafi ke yawan komawa ga tarot ke nan. Akwai kuma wani dalili: tafiyar Wawa ta Eden Gray ta yi kama da tsarin tafiyar jarumi da Joseph Campbell ya bayyana a 1949, wanda makarantun rubutun fim ke koyarwa.

Ɗalibin da ke binciken ma'anar kati don gajeren fim zai tarar da amsoshi masu karo da juna, kuma tarihin nan ne sanadi. Tambayar da ta kamata ya fara yi ita ce wane saiti, a wane gari, a wace shekara. Labarin da ke faruwa a Faris ta 1850 ba zai ɗauki katunan Smith ba, saitin Etteilla ko na Marsey ne a hannun mai dubansa. Wanda ke faruwa a fadar Milan babu mai duba a cikinsa sam, 'yan wasa ne. Masoya a saitin Marsey saurayi ne tsakanin mata biyu, hoton zaɓi, a na Waite kuma namiji da mace ne a lambu, mala'ika a samansu, don haka fitowa ɗaya za ta ba da saƙo biyu dangane da katin da aka ɗora a tebur. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Tsofaffin zane na Italiya da Marsey da bugun 1909 sun fita daga kariya a yawancin ƙasashe, amma saitin da mai zanen zamani ya yi sai da izini kafin ya fito a allo. Mafi yawan masu kallo ba su karanta Waite ko Etteilla ba, abin da kyamara ta nuna musu cikin daƙiƙa biyu ko uku shi za su fahimta. Saboda haka katin da hotonsa ke ba da labari da kansa, irin kwalekwalen takubba shida ko mutanen da ke faɗowa daga Hasumiya, ya fi amfani ga mai fim a kan katin da sai jarumi ya tsaya ya fassara shi.